Kawu da Cittar Iri

Ranar da muka kai Kawu makwancinsa an sha ruwan sanyi a gidansa. Wani ɗan cocinsu ne mai kirki ya aiko da fiya wata cike da baho, har da ƙanƙara a kai, saboda masu zuwa gaisuwa. Bai yi laifi ba, haka ake yi a kowane gidan makoki a Kafanchan. Amma na ga matan zumuntar coci suna miƙa hannu cikin bahon suna waige-waige kamar yara a bakin tukunyar nama. Ɗaya ta fasa leda da haƙori, ta kurɓa, sai kawai ta rushe da kuka.

"Wayyo, Baba ya tafi da gaske," in ji ta. "Ga ni ina shan ruwan sanyi a tsakar gidansa, ba wanda ya ce in ajiye."

Mama, matarsa, tana zaune a tabarma ta jingina da bango. Ba ta yi kuka ba. Duk wanda ya durƙusa ya ce, "Mama, sannu da haƙuri," sai ta ce, "Yauwa. An ba ka abinci?" Maƙwabcinsa, tsohon direban jirgin ƙasa da muke kira Baba Direba, Ibo ne amma a nan kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu. Shi ya ƙi shiga ciki. Ya ja benci ya zauna a bakin ƙofa yana faɗa da iska.

"Mutumin nan ya cuce ni," yake cewa. "Ya yi alkawari shi zai binne ni, shi da ruwan zafinsa. Ni da ke shan giya mai sanyi ga ni nan daram. Wane irin lissafi ne wannan?"

Wani Alhaji dillalin citta ya zo daga cikin gari, ya tsaya daga gefe har aka gama waƙa, ya yi mana addu'a irin tasu, muka ce amin. Fasto ya yi wa'azi mai tsawo. Mutum ɗaya ne bai ce wa kowa komai ba: babban ɗan Kawu, taubashina, abokin wasana tun muna yawo ba wando. Ya tsaya ƙarƙashin mangwaro ya harɗe hannu, ana gaishe shi yana gyaɗa kai. Kowa a gidan ya san abin da ke cinsa. Shi da ubansa sun yi rigima a kan cittar iri, kuma ba su gama shiryawa ba Kawu ya tafi.

Uwata ƙanwar Kawu ce, ta daɗe da rasuwa. Ni na yi yawo, na kwana a tashoshin mota daga Fatakwal har Maraɗi, na ga dattawa iri-iri. Ban ga mai taurin kai a kan ruwan zafi irin Kawu ba, shi ya sa nake so in ajiye labarinsa kafin mu ma mu watse.

Abin ya fara ne tun lokacin da aka kawo 'yan Caina su gyara layin dogo, ina saurayi. Kawu mai duba layi ne, irin waɗanda ke tafe da guduma suna ƙwanƙwasa ƙarfe suna saurare. Aka haɗa shi da baƙin domin ya san kowace gada da kowane kwalbati. A sansaninsu akwai wani dattijo, shi ne kuku, shi ne kuma likitansu. Ba ya jin Turanci, balle Hausa. Kawu kuma abin da ya iya na yarensu kalma ɗaya ce, yana cewa gaisuwa ce, ni dai har yau ban tabbata ba zagi ba ne.

A hunturun wannan shekarar Kawu yana fama da tari da ciwon baya. Dattijon ya kama hannunsa ya ɗora yatsu a jijiya, ya sa shi ya fito da harshe, ya girgiza kai. Ya karɓe gorar ruwan da ke rataye a kafaɗarsa ya tuttular a ƙasa. Sannan ya kawo baho da ruwan zafi, ya daddaka citta ya zuba, ya nuna masa ƙafafunsa. Cittarmu ta nan fa, wadda muke tsagawa mu shanya mu loda a tirela mu aika wa duniya, ba mu taɓa sanin ana jiƙa ƙafa da ita ba.

Sauran karatun duk da hannu aka yi shi. Dattijon zai nuna itacen da ya zubar da ganye, ya nuna ƙasa, ya haɗa tafuka a kunci ya rufe ido. Kawu ya fassara: lokacin sanyi lokacin ajiya ne, komai yana komawa ciki, mutum ma ya kwanta da wuri, kada ya tashi sai rana ta fito. Dattijon zai dafa ƙugunsa ta baya, ya zaro ido kamar wanda ya ga kura. Kawu ya fassara: tsoro yana cin ƙoda, kuma a lokacin sanyi ya fi ci.

"Kawu, ta yaya ka san ƙoda ya ce?" nakan tambaye shi. "Wataƙila cewa yake wandonka ya yage ta baya."

"Kai dai ka je Legas ka dawo da baki kawai," zai ce. "Rufe wuyanka."

Wannan ita ce gaisuwarsa daga watan Nuwamba har sanyi ya wuce. Ba ina kwana, ba ina gajiya, sai rufe wuyanka. Shi kansa kullum da mafla ja da safa, ko da rana ta take, ga filas a hammata kamar ɗan jariri. Ya ce iska tana shiga mutum ta ƙeya, ta ƙugu, da ta tafin ƙafa. In ka kawo masa ƙara, ko ta gado ce ko ta aure, ba zai saurare ka ba sai ya sa an kawo baho. "Ƙafa ta yi ɗumi tukuna," zai ce. Mutane da yawa sun zo da wuta a baki, kafin ruwan ya huce sun manta rabin abin da ya kawo su. Kunun acca yake sha da safe, da baƙin riɗi a kai, domin wai baƙin abu abincin ƙoda ne. In rana ta fito sai ya tsaya a gaban kwatas yana motsa hannu a hankali, yana ɗaga ƙafa ɗaya kamar zalɓe. Yaran unguwa suna cewa Baba yana kama ƙudan da ba a gani. Wani sabon fasto ma ya taɓa zuwa ya tambaye shi a kaikaice ko akwai abin da yake kira da hannun nan. Kawu ya ce, "Numfashina nake kira, Fasto. Zo ka gwada, tumbin nan naka zai gode maka."

'Yarsa nas ce a wani asibiti a Jos. Ita ta gano yana da hawan jini, ta ɗora shi a kan ƙwaya, ta ce masa, "Baba, ka jiƙa ƙafa har ta zama kifi, amma wannan kullum za ka sha." Bai yi gardama ba. Yana sha, da ruwan zafi.

Inda ake samun matsala da shi lokacin Kirsimeti ne. A nan ƙasar tamu duk abin da za a yi a watan sanyi ake yinsa: haƙar citta, aure, bikin gargajiya, taron 'yan gari, sujadar shiga sabuwar shekara. Shi kuma ana cin tuwon yamma zai sa ƙafa a baho, yana cirewa ya shige ɗaki. Mama ta yi fama da shi har ta gaji. "Dattijon coci ne kai," takan ce, "ana can ana waƙa kai kana nan kana minshari." Shi kuma ya ce Ubangiji da ya yi sanyi ai ya san abin da ya sa ya tsawaita dare.

Wata shekara na bi wani ubangidana zuwa Caina sayo kayan babur. Wallahi na ga abin da idona. A tashar jirgi famfon ruwan zafi ne, kowa da 'yar gorarsa. Da safe tsofaffi cike da lambu suna kama ƙudan da ba a gani, sak irin na Kawu. Na dawo ko gida ban je ba na wuce wurinsa in ba shi haƙuri.

Ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "Ka gan shi?"

"Wa?"

"Likita mana."

"Kawu, mutanen nan fa ba su ƙirguwa. Gari ɗaya ya fi Kaduna da Kano a haɗe."

"Gajere ne," in ji shi, "yana da haƙorin ƙarfe a nan gefe. Ba ka duba da kyau ba."

Mun yi dariya har Baba Direba ya leƙo ta katanga. Amma akwai abin da na lura da shi a lambun can, na kuma gaya masa a ranar. Tsofaffin nan suna rufe ido su yi ta motsi, ba wanda ke waiwayawa ya ga wa ke bayansa. Kawu ya ce, "To, su Allah ya ba su wannan."

Maganar gaskiya, maganin da aka koya masa na mutanen da aka bari su yi barci ne. Ka kwanta da wuri, kada ka ji tsoro, kada ka sa damuwa. Mu kuma lokacin sanyi shi ne lokacin da rafuka ke janyewa, ciyawa ta bushe, hanyoyin daji su buɗe wa masu bindiga.

Kafin su zo ma citta ta riga ta kashe mu. Kun san shekarar, ba sai na faɗa ba. Ganye ya yi rawaya tun damina ba ta yi nisa ba, in ka tona sai wari. Daga Kachia har Fadan Kagoma haka gonaki suka narke. Taubashina manomi ne na gaske, a ƙauyenmu ta wajen Zangon Kataf yake zaune da iyalinsa, citta ce makarantar yaransa, ita ce rufin ɗakinsa. Ko abin da zai cika kwando bai tsira da shi ba. Iri kuma ya zama abin da talaka ba ya ko tambayar kuɗinsa.

Sai ga shi Kawu yana da citta. Tun da ya yi ritaya yake shuka 'yar tasa a bayan kwatas, cikin tsofaffin buhunan siminti da ƙasar da yake ɗebowa a gefen layin dogo, domin bahonsa kawai. Muna yi masa dariya, muna cewa gonar Kawu ana iya ɗaukarta a baro. Ciwon da ya cinye gonaki bai taɓa ta ba. Irin da ake kira tafin giwa ce, fara sol, lafiyayya. Da aka haƙe aka tara ta ɗan fi buhu. Taubashi ya zo ya tsuguna a gabanta yana juya ta a hannu, na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Baba, wannan in na shuka bana, baɗi na raba biyu, cikin 'yan shekaru mun tashi."

Kawu ya ce, "Taka ce. Ni 'yar kaɗan ta ishe ni."

Aka jingine ta a kusurwar ɗakin ajiya, aka rufe da busasshiyar ciyawa. Ina so a riƙe wannan: da bakinsa ya ce taka ce.

Ana saura kwanaki Kirsimeti masu bindiga suka shiga ƙauyen. Ba zan ba da wannan labarin ba, waɗanda suka gani ma ba sa bayarwa. Waɗanda suka tsira suka biyo daji da ƙafa. Gidan Kawu ɗaki biyu ne da falo, sai ga shi mutane har baranda, har kicin. Taubashi ya fito da matarsa da yaransa lafiya. Ƙanwar Kawu ta ƙarshe, wadda ni inna ce a wurina amma bakin 'ya'yansa ya rinjaye kowa yake kiranta Gwaggo, ita ta fito ita kaɗai. Mijinta yana can.

Gwaggo ba ta kuka, ba ta magana, ba ta barci. Ƙafafunta sun kumbura sun tsattsage saboda gudun daji, amma ta ƙi cire takalmi. Wani takalmin roba ne na maza da ta tsinta a hanya. Da shi take zama, da shi take kwanciya ido buɗe. In murfin tukunya ya faɗi sai ka gan ta a bakin ƙofa. Matan gida suka yi lallashi, Fasto ya yi addu'a, 'yar Kawu nas ta aiko da magani, takalmi dai yana nan.

Ina wurin wata yamma, rana ba ta faɗi ba tukuna, Kawu ya fito da baho yana tururi. Ƙanshin citta ya cika tsakar gida. Ya ajiye a gabanta, ya durƙusa, tsoho da shi gwiwa tana ƙara.

"Auta, cire takalmi."

Ta kalle shi. Wannan ne karo na farko da na ji muryarta tun zuwanta. "Yaya, in sun zo fa?"

Na zaci zai ce ba za su zo ba. Kowa haka yake ce mata. Shi kuwa sai ya zauna a ƙasa, ya cire nasa takalmin, ya cire safar nan da ko Mama ba ta cika ganin abin da ke cikinta ba, ya tsoma ƙafafunsa a gefe ɗaya na bahon.

"In sun zo su same mu mu biyu ba takalmi," ya ce. "Matso, ruwa yana hucewa."

Ta daɗe tana kallon ruwan. Sai ta sunkuya ta zare ɗaya, ta zare ɗayan. Ya kama ƙafarta yana danna tsakiyar tafin da babban yatsa, yana ba ta labarin wata akuya da suka taɓa ɓatarwa suna yara. Kafin ruwan ya huce kanta ya langaɓe a jikin bango. Mama ta sa hannu a baki. Duk gidan aka koma tafiya da sanɗa.

Daga nan fa shi ke nan. Kowace yamma bahuna a jere a tsakar gida, tsofaffi a layin farko, sai masu tari, sai yara. Da safe shayin citta, kowa rabin kofi. 'Yan gudun hijira ba gidan Kawu kaɗai suka cika ba, sai na maƙwabta suka fara zuwa, sai na harabar coci. Har wata tsohuwa daga Samaru Kataf da ba wanda ya san ta kullum tana nan da bokitinta. Ban ce ya warkar da kowa ba. Masu tari wasu sun ci gaba da tarinsu, wata jaririya ma sai da aka kai ta asibiti. Abin da na gani shi ne, a wannan ɗan lokacin kafin duhu, mutane suna zaune ba takalmi, wani har ya yi dariya.

'Yar cittar da ya ware wa kansa ba ta daɗe ba. Bai gaya wa kowa ba, ya fara ɗaga ciyawar kusurwa.

Taubashi yana fita neman aikin lebura tun safe, bai lura da wuri ba. Ranar da ya shiga ɗakin ajiya ya ga tulin ya koma rabi, na ji ihunsa daga bakin titi.

"Baba! Iri ne fa! Iri kake dafa wa mutane su wanke ƙafa!"

"Na sani," in ji Kawu. "Ni na shuka shi."

"Ka ce nawa ne!"

"Na ce."

"To me zan shuka in ruwa ya sauka? Me yaran nan za su ci baɗi? Ruwan ƙafa?"

"Su kai baɗin tukuna."

"Ruwan zafi kawai bai isa ba? Ka sa ganyen darbejiya, ka sa barkono, ka sa duk abin da ka ga dama!"

"Likita citta ya sa."

"Likitanka yana can yana cin shinkafarsa, Baba! Ko sunanka bai sani ba!"

Kawu ya gyara maflarsa. Na yi ƙoƙarin sa wasa a ciki, na ce, "Taubashi, kai ma zo ka tsoma taka, wataƙila kan ya huce." Ya kalle ni kallon da bai taɓa yi mini ba.

Kada wani ya ce yaron ba shi da gaskiya. An kira nas a waya, ta ce ita a saninta ɗumin ruwan ne ke sa barci, cittar kuwa ba za ta rantse a kai ba. Aka tambayi Mama, ta ce, "Ku biyun duk kuna da gaskiya. Ni dai ce mai neman itace."

Taubashi ya kwashe ragowar ya kai ɗakin Baba Direba ya ɓoye. Washegari da yamma sai ga bahuna suna ƙanshi kamar kullum. Ya je ya tsare tsohon.

"Yaro, me kake so in yi?" in ji Baba Direba. "Ya zo ya ce in ba shi yatsa biyu kawai. Tun kafin a haife ka nake cin tuwo a gidan mutumin nan. In ce masa babu? Kai ka iya kallon idonsa ka ce babu?"

Shi ne Taubashi ya yi abin da kakanninmu ke yi da iri. Ya bi ayarin masu komawa ƙauye da rana su kwaso abin da wuta ta rage, ya ɗaure buhun a bayan babur. Ya haƙa rami a gindin ɗorawar da ke bakin gonarsu, ya zuba toka, ya jera citta, ya rufe da ciyawa da ƙasa. Can dai ubansa ba zai kai ba.

Da ya dawo ya faɗa, Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "A wace ƙasa?"

"A gonarmu."

"Ƙasar nan ba ta warke ba."

"Na sa toka."

Kawu ya daɗe yana kallonsa. A makon nan aka tare wasu a wannan hanyar, biyu ba su dawo ba. Sai ya ce, "To. Kada ka koma ɗaukowa. Ka ji ni? Ko me zai same ta, kada ka koma." Daga wannan, in ban da gaisuwar safe, ban ƙara jin wata magana ta haɗa su ba.

Kawu ya ci gaba da dafa ruwa, ruwa zalla. Amma mutanenmu in ba su ji ƙanshi ba ba sa yarda magani ne. Na coci suka daina zuwa, tsohuwar Samaru ta ɗauke bokitinta. Wata yamma aka yi harbi can wajen gari, wai ma 'yan sintiri ne ke gwada bindiga, Gwaggo ta mayar da takalminta. Har yau da nake wannan magana yana ƙafarta.

Kawu ma ya sauya. Ya daina fitowa kama ƙuda. Mama ta ce yana kwanciya da wuri kamar kullum, amma in ta juya sai ta ga idonsa biyu. Na zo wucewa zan tafi Kano na same shi a kujerarsa yana shan hantsi, filas a cinya. Na ce, "Kawu, yau ba a ce in rufe wuya ba? Ko an ɗage dokar?"

Ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Zauna." Na zauna. Ya ce, "Ni ma tsoro nake ji yanzu. Ina jin sa a nan," ya dafa ƙugunsa. "Likita ya nuna mini tsoro yana cin mutum. Bai nuna mini abin da ake yi ba in tsoron na gaskiya ne. Ko ya nuna ban gane ba, ka san da hannu muke magana."

Ina Kano aka kira ni. A wannan kujerar Mama ta same shi da safe, baki ya karkace, kofi a ƙasa. An kai shi asibiti, 'yarsa ta zo daga Jos, ta ce jinin ne ya hau ya buge shi. Bai ƙara magana ba. Taubashi ya zauna a gefen gadon yana murza masa tafin ƙafa yadda ya ga yana yi wa mutane, har ranar da aka ce ya bari haka. Sanyi yana ƙarewa, mangwaro ya fara fure.

Bayan an binne shi ruwa ya sauka da wuri, hanya kuma ba ta biyuwa. Sai da aka sha ruwa mai yawa kafin aka samu rakiya zuwa ƙauye. Ban bi su ba, wanda ya je tare da Taubashi ne ya gaya mini. Ya ce tun kafin su kai gindin ɗorawar suka ji wari. Taubashi ya yaye ciyawa, ya tura hannu, hannun ya shige har gwiwa kamar cikin kunu. Ya tona ramin duka da yatsu yana neman ko guda ɗaya mai ido. Ko ƙasar ce, ko ruwan da ya kwanta ne, ba wanda zai iya cewa.

Yanzu ya samu aikin gadi a wani gini a Abuja. Ya bar matarsa da yara wurin Mama, ya ba Baba Direba ajiyar garmarsa. Ni na kai shi tasha. Muna jiran mota ta cika na ce, "Taubashi, kai da ko kare ya yi haushi kake hawa bishiya, wa ya ba ka gadi?" Bai yi dariya ba. Yana kallon wasu mata da ke tallan rake.

"Kai ka yi yawo," ya ce. "Ka je har ƙasarsu, ka ga abin da idonka. Gaya mini gaskiya. Da na bar masa ita, da ya kai damina?"

Ni da ba a taɓa tambayata abu na rasa labarin da zan bayar ba, na buɗe baki na rufe. Na so in ce a'a, jini ne, ba ruwan citta. Na so in ce masa ubansa bai riƙe shi a zuci ba. Na ga idan na faɗi ko wanne zai gane lallashi ne.

"Ban sani ba," na ce.

Ya gyaɗa kai, kamar dama abin da yake jira ke nan. Kwandasta ya buga ƙofa, Taubashi ya ɗauki jakarsa ya shiga kujerar baya, bai leƙo ba.

Ubangiji ya ba Kawu barcin da ƙasar nan ta hana shi. Mu kuma, wani sanyin yana tafe, kuma bana ba wanda ya shuka komai a gidanmu.